Gwado da Warki a Bakin Kogin Wudil

Duk wanda Allah ya nufa ya taɓa ƙetare gadar Wudil da asubahin fari a tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya lulluɓe kogi har ido ba ya tsinkayar wancan gaci, tururi kuma yana tashi daga fuskar ruwa sai ka ce tukunya aka ɗora, lalle zai ga abin da zai tsaya masa a rai: ga matafiya cikin mota sun ƙudundune cikin rigunan sanyi, sun ɗaga gilashi, haƙora na kaɗawa, ga kuma waɗansu bayin Allah can ƙasa, masunta da masu ɗibar yashi, daga su sai gajeren wando, ƙwauri a waje, suna shiga ruwa suna fita kamar ba su da labarin ana wani abu wai shi ɗari. Galibin baƙi kan ce sabo ne, waɗansu su ce asiri ne irin na 'yan ruwa. Sabo kam yana ciki, ba mai musun haka. Amma ni abin da na fahimta, bayan na daɗe ina zama da dattawan bakin kogin nan ina sauraronsu, shi ne akwai wani ilmi na suturta jiki da kakanninsu suka bar musu, wanda ba a rubuta shi a allo ba balle a takarda, kuma yana nan yana zurarewa daga hannun mutane ba tare da an ankara ba.

Wudil tana kudu maso gabas da birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 40 a kan hanyar da ta nufi Barno, a inda ruwan kogin Kano da na Challawa, bayan sun haɗu, suka miƙe zuwa Haɗeja da Nguru har su tuƙe a Tafkin Chadi. Wani ikon Allah shi ne, ta fuskar da ruwan nan yake tafiya, ta nan iskar hunturu take zuwa mana. Daga arewa maso gabas take tasowa, ta kwashi farar ƙura mai laushi kamar gari daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, wanda gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, ta zo ta baza mana ita tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. Da yake iskar busasshiya ce, sararin sama kuma ba gajimaren da zai tare zafin da ƙasa ta sha da rana, sai zafin ya gudu da dare. Ma'aunin da ya haura digiri 30 da azahar, kafin asuba ya sauko wajen 12, wata shekarar ma ƙasa da haka. Mutumin Turai zai ji wannan adadi ya ce ai ba komai ba ne. To, shi bai kwana a ɗakin kara ba, bai kuma yi sammako ya taka raɓar fadama da ƙafa ba takalmi ba.

Magabatanmu sun bambanta abu biyu da yaran yanzu suka haɗe su cikin kalma ɗaya. Sanyi shi ne mai laima, irin na damina da na ruwa da na ƙasan ɗaki. Ɗari kuwa shi ne busasshe mai tafe da iska, mai tsaga leɓe, ya sa faso a dunduniya, ya mai da fatar yaro fari fat kamar ya yi birgima a toka. Malaman hisabi, waɗanda suka kasa shekara manzili 28, kowane da kwanakinsa 13, kowane fasali da taurarinsa bakwai, su ne suke gaya wa mutane yaushe ɗari zai kama, yaushe zai kai muku-muku, yaushe kuma zai karye. Mutumin tudu ɗari kaɗai yake fama da shi. Mutumin bakin kogi kuwa abokan gaba biyu gare shi a lokaci guda, domin yana fitowa daga sanyin ruwa zai faɗa hannun ɗarin iska, kuma a wannan ɗan tsakanin ne, tsakanin fitowa da bushewa, cuta take kama mutum.

Kada wani ya ɗauka hunturun ƙasar nan wasa ne a zamanin da. A ƙarshen Disamba na shekarar 1823, waɗansu Turawa biyu, Hugh Clapperton wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, da abokin tafiyarsa likita Walter Oudney, suna tafe cikin ayari daga Kukawa za su Kano, sai suka wayi gari ruwan da suka bari a ƙorai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu sun sandare kamar katako. Haka Abdullahi ya rubuta a littafin tafiyarsa. Likitan, wanda dama ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, bai ƙara gyaruwa ba, ya mutu ran 12 ga Janairu 1824 a Murmur kusa da Katagum. Abdullahi ya ci gaba shi kaɗai, ya ratso ta wannan yanki namu, ya shiga Kano ran 20 ga wannan wata, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Dukansu biyu mutanen Sikotlan ne, ƙasar dusar ƙanƙara da hadari, amma ga shi ɗarin ƙasar Hausa ya ba su mamaki. Zan komo kan ƙasar tasu nan gaba, domin akwai wata nasaba tsakanin suturar mutanen duwatsunta da ta masuntanmu.

Talakan ƙauye na wancan zamani, in za shi aiki, abin da ke ƙugunsa ɗayan biyu ne, ko bante ko warki. Bante ƙyalle ne na saƙi mai kusurwa uku da ake ɗaurawa a ƙugu a zarga shi ta tsakanin cinyoyi. Warki kuwa fatar akuya ce ko ta tunkiya da aka jeme ta yi laushi, a ɗaura ta a ƙugu ta sauko ta rufe baya da cinya. Shi ne suturar manomi da maƙeri da maharbi, har yau kuma 'yan dambe da 'yan farauta ba su yar da shi ba. Malaman jihadi sun yi wa'azi mai tsanani a kan tsiraici, suna tunatar da jama'a cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, saboda haka riga da wando suka yaɗu ƙwarai a ƙauyuka bayan 1807 da ƙasar Kano ta koma hannun jama'ar Shehu. Sai dai wa'azin ya fi kama suturar masallaci da kasuwa da gaisuwar manya. A gona da daji da cikin ruwa kuwa, inda babbar riga ke zama ƙarin wahala, mutum kan tuɓe ya rataye ta a reshe, ya koma ga abin da aikin ke bukata, in ya tashi ya mayar.

Na taɓa tambayar wani tsohon masunci, wanda ya yi su da koma da gora tun kafin a yi madatsar Tiga, me ya sa ba ya sa dogon wando ya tare ƙwaurinsa daga wannan masifa. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan birni, ya ce, “Malam, ai wando a ruwa maƙiyi ne. Ƙafa ba ta kashe mutum. Ƙirji ke kashewa.” Sai ya bayyana mini abin da daga baya na tarar masu ilmin zamani sun tabbatar da shi da lissafi, watau ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki 20 da wani abu, tufar auduga kuma muddin ta jiƙe ta daina zama sutura, ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumman da ake naɗa wa tulu don ruwan ciki ya yi sanyi. Fatar mutum kuwa, balle wadda aka shafe da mai, nan da nan take bushewa. Saboda haka ka'idarsu ita ce, abin da zai shiga ruwa a bar shi tsirara gwargwadon da shari'a ta yarda, abin da zai rufe ƙirji kuma kada ɗigon ruwa ya taɓa shi. Kafin mutum ya shiga, sai ya haɗa 'yar wuta ta kara da kashin shanu a kan yashi, ya naɗe mayafinsa ya ajiye nesa da gaci, ya danne da dutse. Yana fitowa ya share jiki da tafin hannu, ya juya wa wuta ƙirji sa'an nan baya, ya yafa busasshen mayafi. Ya kuma ce da asuba ruwan ya fi iskar ɗumi, shi ya sa yake tururi. Shiga ba ta da wuya, fita ce aiki.

Wannan mayafi da ake ajiyewa a gaci shi ne gwado, kuma a ganina shi ne ainihin rigar hunturu ta ƙasar Hausa, ko da yake ba shi da wuya ba shi da hannu, ba a kuwa taɓa yi masa aska takwas ba. Asalinsa yana komawa ga wata ƙaddara ta ƙasa. Tumakinmu, da uda da balami da 'yan ƙasa, ba su da ulu irin wanda ake kaɗawa, gashinsu gajere ne kamar na akuya. Tumaki masu ulu sai can Masina a kan kogin Kwara, inda masaƙan Fulani ke saƙa bargunan gashi masu nauyi, sai kuwa ƙasashen Larabawa bayan Sahara; abin da ya zo daga can, bayan ya sha tafiyar watanni bisa raƙuma da jakuna, ba ya sayuwa ga mai koma da gora. Abin da Allah ya hore mana shi ne auduga, ita kuwa ɗabi'arta sanyaya jiki. To, sai dabara ta shigo: tun da ba za a iya sauya ɗabi'ar auduga ba, sai a sauya yadda ake kaɗa ta.

Aikin yana farawa ne da kaka, daidai lokacin da ake bukatarsa, domin audugar da aka tsinta a Nuwamba ita ce za ta rufe mutum a Janairu ko hunturun baɗi. Mata su gurje ta a kan magurji su fid da angurya, su shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa, sa'an nan su zauna kaɗi da mazari, suna dangwalar alli da yatsa, galibi da dare a gefen wuta, yara na kewaye ana tatsuniya. Zare iri biyu suke fitarwa. Akwai siriri mai ƙarfi da aka murɗe shi sosai, wanda masaƙi zai ja a tsaye. Akwai kuma abawa, mai kauri, mai laushi, wadda da gangan ba a matse ta ba, ita ake sa wa a ƙoshiya ta riƙa ratsawa. Sirrin gwado duk yana cikin abawar nan, domin iskar da ta maƙale a tsakanin silin audugar da ba a matse ba ita ke riƙe ɗumin jiki, kamar yadda jinka mai kauri ta fi kwano riƙe ɗumin ɗaki. Masaƙi ya zauna gindin inuwa, ya miƙa zarensa ya ɗaure a kunkuru can nesa, yana taka allira yana jefa ƙoshiya, ya fitar da ƙwarya mai faɗi. A yanka ta daidai tsawon mutum har da rara, a jera, a ɗinke gefe da gefe. In fari ne sol mai kauri, gwado ke nan. In an ratsa shi da baƙin zaren da ya sha baba a marina, aka yi masa zane-zane, sai a ce luru, shi ne na masu ɗan hali da na shimfiɗar amare.

Fa'idar gwado ba ta ƙidayuwa ga wanda ba shi da wani abu sai shi. Da asuba mayafi ne, a yafa shi ta kan kafaɗar hagu a zagayo da shi ta ƙarƙashin hammatar dama, hannun aiki ya zama a sake. In iska ta tsananta a ja shi bisa kai a rufe kunnuwa, a kama bakinsa da haƙori ko a cusa a haɓa. In mutum ya tsuguna gaban wuta sai ya zama ɗaki, ya rufe gwiwa da ƙafa har ƙasa, hayaƙi da ɗumi su shiga ta ƙasa su zauna. Hantsi ya yi, a naɗe shi ya zama gammo ko a ɗaure ƙugu da shi. Da azahar abin salla ne. Da dare rabi shimfiɗa rabi rufa. Ɗan cin rani da ya bar ƙauyensu bayan an gama girbi, da almajirin da aka ɗanka wa malami za su gabas, da falken da zai bi ayarin Gwanja, kowannensu in ya sami gwado da ƙwarya da sanda ya gama shiri.

A nan ne nasabar da na ambata take. Mutanen duwatsun arewacin Sikotlan, makiyaya ne matalauta masu yawo cikin fadamu da ƙoramu da jiƙaƙƙiyar ciyawa, tun wajen ƙarshen ƙarni na 16 an san su da wata sutura wadda ba komai ba ce face ƙaton bargon ulu guda, tsawonsa yadi huɗu ko biyar, faɗi biyu da aka ɗinke tare. Mutum ya tattara tsakiyarsa ya ɗaure da ɗamara a ƙugu, na ƙasa ya tsaya a gwiwa, na sama ya yafa a kafaɗa ko ya rufe kai in hadari ya taso, da dare kuma ya kwance ɗamara ya kwana a ciki. Ƙwauri a waje, ƙirji a rufe, tufa ɗaya mai aiki goma: hujjar masuncin Wudil ke nan ba ragi, illa su Allah ya ba su ulu, wanda ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, mu kuwa ya ba mu auduga da rana mai busarwa. Daga baya aka yanke rabin sama aka bar na ƙugu kaɗai, shi ne ɗan zanen nan mai ninki-ninki da suke kira kilt, wanda ake ganin sojojinsu da masu busa da shi. Bayan wani tawaye nasu da aka murƙushe a 1746 hukumar Birtaniya ta haramta musu wannan sutura, ba a ɗage haramcin ba sai 1782. Abin lura shi ne, tun da aka raba na ƙugu da na kafaɗa, sai ya zama mai sa shi a lokacin sanyi dole ya nemi doguwar safar ulu da kwat da rigunan ciki, domin an bar masa warki an ɗauke masa gwado.

Manyan mutane kuwa hunturunsu daban ne. Wudil ƙasar Joɓawa ce, zuriyar su Malam Bakatsine na Utai, ɗaya daga cikin shugabannin jihadi a Kano, kuma a gidansu sarautar Makaman Kano take, wanda yana cikin masu zaɓen sarki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka umarci hakimai su fita su zauna a gundumominsu, sai Wudil ta zama mazaunin Makama. Basarake ko attajiri ko babban malami maganin ɗarinsa jibga tufa ne bisa tufa: taguwa a ciki, sa'an nan gare fari, a ɗora kore ko saƙi ko tsamiya, bisa duka a yafa alkyabba ta mulufi ko ta jauha da fatake suka kawo daga Tarabulus da Gadamas ta hanyar Agadas. Su kansu sunayen, alkyabba da jabba da kufta, suna shaida daga inda kayan suka fito. Wani Bature mai suna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Kano a Fabrairun 1851, ya kimanta tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya ce suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu da bakin teku. Wannan dukiya kuwa ba daga cikin ganuwa kaɗai ta fito ba. Ƙauyukan kudancin Kano ne suka ɗauki nauyinta, Kura da marinanta da mabuganta, sauran garuruwa da masaƙansu, Wudil kuma har yanzu ana zuwa cikinta neman masu ɗinkin hannu na manyan riguna. Ƙasar da ta tufatar da Buzayen Sahara, talakanta gwado ɗaya yake juyawa shekara da shekaru, in ya yage a yi masa maho, in mahon ya yage a mai da shi na yara.

Abu ɗaya da sarki da talaka suka yi ittifaƙi a kansa shi ne kai da kunne. Mai rawani yana da amawali da zai ja ya rufe baki da hanci daga ƙura. Wanda ba shi da rawani yana da haɓar kada, hular nan mai leɓatu biyu waɗanda ake ɗage su sama da rana, in ɗari ya sauko a sake su su rufe kunnuwa. Ban san wata sutura da aka yi wa hunturu ita musamman kamar wannan hula ba, kuma abin takaici ne a ce yau sai a kan 'yan tauri da makaɗa ake ganinta, alhali tsofaffi suna yawo da hular roba ta saƙar inji mai sa kai gumi da ƙaiƙayi. Ƙafa da ƙwauri kuwa suturarsu mai ne: man shanu daga Fulani, man kaɗe, man gyaɗa, alayyadi daga kudu. Uwa ba ta barin ɗanta ya fita da safe sai ta murje shi da mai tun daga goshi har tafin ƙafa, ta cusa kaɗan a hanci saboda haɓo. Jariri kuma ba shi da bargon da ya fi bayan uwarsa, a goya shi a ɗaure da majanyi a rufa mayafi, su ɗumama juna.

Sai wuta da abinci, waɗanda ba a raba su da zancen sutura. A ɗakunan da, akan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi a ciki da magariba, kafin a kwanta ya ɗau zafi. Tsofaffi da masu jego su suka fi amfani da shi, ko da yake likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa zafin gadon in ya haɗu da yawan kunun kanwa yana raunana zuciyar mai jego. Waɗansu kasko suke shiga da shi ɗaki, wannan kuwa ya ci rayuka, ko ta gobara ko ta hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, har yau kuma bai daina ba. A makarantun allo kowane almajiri sai ya kawo nasa kason na kara ko itace da yamma, a hura wuta tsakiyar fili, ita ce fitilar karatu ita ce bargo; na kusa da ita gabansa na ƙuna bayansa na daskarewa, shi ya sa za ka ga suna jujjuyawa da allunansu. Da safe kuma kunu mai citta da masoro da kanumfari, ko koko da ƙosai mai zafi, ko romon kifi da barkono a bakin gada.

Malamai ma ba su bar mas'alar ba, domin ɗari yana shiga har cikin babin tsarki. Ɗalibin da ya karanta Risala ko Muhtasar ya san an yi rangwamen taimama ga wanda ya ji tsoron ruwa zai sa masa cuta ko ya ƙara masa wadda yake da ita, an kuma halatta shafa a kan huffi bisa sharuɗɗansa. Sukan kawo ƙissar Amru ɗan Asi, wanda janaba ta same shi a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya yi taimama ya ja sahabbansa salla, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai zarge shi ba. Amma duk da wannan rangwame, dattawan da na sani a bakin kogin nan sun fi son su cika alwalarsu da ruwan randa mai kama da ƙanƙara, suna kwaɗayin ladan da aka yi alkawari ga mai cika alwala a lokacin da rai ba ya so, sa'an nan su ja gwado su nufi masallaci cikin duhu, ba ka jin komai sai tari da tasbihi.

Gwado bai faɗi da wuri ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai audugar ƙasar nan za ta tafi masaƙun Ingila, sai suka tarar masaƙan gida suna sayenta da tsadar da kamfaninsu ba zai iya biya ba, manoma kuma suka juya ga gyaɗa. Akoko da sauran yadin kanti sun kashe kasuwar farin saƙi na riga tun da wuri, amma ba su da kaurin da za su maye gurbin abawa. Abin da ya fara girgiza shi shi ne bargon soja da manyan kwat da sojojinmu 'yan Barma suka komo da su bayan 1945, sa'an nan masaƙun zamani da aka fara da ta Kaduna a 1957, daga ƙarshe kuma gwanjo, watau tsofaffin rigunan sanyin Turai da Amurka da ake shigo da su dila-dila, a baje a kasuwa da arahar da ba macen da za ta yi wata guda tana kaɗi ta iya karawa da ita. Ba na zargin talaka da ya sayi abin da aljihunsa ya iya, kuma gaskiya ne yaro mai suwaita ya fi yaron da aka rufa wa tsumman gwado jin daɗin safiya. Abin da ke damuna shi ne ka'idar ta tafi tare da tufar. Na sha ganin samari masu ɗibar yashi sun shiga ruwa da rigar sanyin a jikinsu, su fito tana zuba, su tsaya cikin iska suna loda mota da ita har hantsi, abin da kakansu ba zai taɓa yi ba ko da kuɗi.

Kogin ma ya sauya. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan kan ja baya da rani ya bar yashi da gurabe, a taru a yi su na gayya, Sarkin Ruwa ya ba da izini a faɗa gaba ɗaya, a fito gaba ɗaya, wuta na jira a kan yashi. Yanzu ruwa ba ya yankewa, aikin cikinsa ya zama na kullum, na kowa shi kaɗai, da kwalekwale da shebur da birgi.

Wanda yake son ya ga ragowar tsohuwar shiga, ya je karar shanu ta Wudil daren Alhamis wayewar Juma'a, lokacin da makiyaya da dillalai suka kwana suna jiran kasuwa ta ci. Zai ga Fulani tsaitsaye cikin hazo tsakanin ƙahonni, wando iya ƙwauri, sanda a gicciye bisa kafaɗa, bargo ɗaya ya zagaye ƙirji da wuya da kai, ido kaɗai a waje. Bargon na inji ne, daga Sin aka kawo shi, da hoton damisa ko fure a jikinsa. Amma yafawar ta kan kafaɗar hagu ce, ta zagayo ƙarƙashin hammatar dama, kuma da hantsi ya ɗaga za ka ga an naɗe shi an saɓa, an shiga ciniki.